Kod yana GitHub, folda tana Google Drive: shin an yi bakof kenan?

Sauye-sauye biyu da manyan kamfanonin intanet suka yi a 2023 har yanzu suna rikita masu rubuta manhaja a nan Katsina. A watan Maris na shekarar GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu, ya fara tilasta wa masu tura kod su kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan faswod sai ka ƙara da wata lamba da ke fitowa a waya. A Disamba kuma Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge akawun ɗin mutum in ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, har da Gmail da Drive da hotunan da ke ciki. Sai tambayoyi suka taso, musamman wajen ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Al-Qalam da FUDMA da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Hassan Usman da Fedaral Foli ta Daura, da kuma masu haɗa wa makarantu da kemis-kemis da shaguna manhaja: to in har abin da ke intanet ma yana iya ɓacewa ko a kulle ka waje, mi ake nufi da an yi bakof? Wani zai ce maka ai kod ɗina yana GitHub, wani ya ce folda ta tana Drive, kowa yana ganin ya gama. Amsar ita ce kowane cikinsu ya toshe ƙofa ɗaya ne ya bar wasu a buɗe.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne bin sawun sauye-sauye, aikin da Git ke yi. Duk lokacin da ka yi komit, Git na ɗaukar hoton yadda fayilolin firojek ɗinka suke a wannan lokacin, ya rubuta wa ya yi, yaushe, da bayanin da ka sa. In ka ɓata wani abu yau kana iya komawa yadda yake makon jiya. Tarihin duka yana zaune cikin wata ɓoyayyar folda mai suna .git a cikin firojek ɗin, kan laftof ɗinka. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, Git daban GitHub daban. Git manhaja ce da ke aiki ko babu netwok, GitHub kuwa kamfani ne da ke ajiye maka kwafin wannan tarihin a sabobinsa, wato kwamfutocinsa da ke haɗe da intanet, kamar yadda GitLab da Bitbucket ke yi. In ka yi komit ɗari ba ka tura ba, aka sace laftof, komit ɗarin sun tafi tare da ita.

Na biyu shi ne folda mai daidaita kanta da kilawud, irin ta Google Drive da Dropbox da OneDrive. Wannan kamar madubi take, abin da ka yi a gabanta shi za ta nuna. Ka ƙara fayil ta ƙara, ka goge ta goge, bairos ya lalata fayil ta kwashi lalataccen ta kai sama.

Na uku shi ne bakof na ainihi: kwafin da aka ɗauka a wani lokaci, aka ajiye a wani wuri daban, wanda abin da ya faru da asalin ba zai taɓa shi ba, kuma an tabbatar ana iya dawo da aiki daga cikinsa. Sharuɗɗan nan uku su ne ma'aunin, duk abin da ya rasa ɗaya cikinsu to wani abu ne daban.

Mi ya sa Git yake kama da bakof

Linus Torvalds ne ya rubuta Git a Afrilun 2005, bayan masu haɗa Linux sun rasa izinin amfani da BitKeeper kyauta, manhajar da suke bin sawun kod ɗinsu da ita a lokacin. Dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban ke aiki kan kod ɗaya, don haka ya tsara shi ta yadda duk wanda ya kwafi rifo, wato firojek haɗe da tarihinsa na Git, zai samu tarihin gaba ɗaya tun daga komit na farko, ba sabon kwafi kaɗai ba. Tsofaffin tsare-tsare irin su Subversion kuwa saba ɗaya ce ke riƙe da tarihin, in ta mutu an shiga uku. Wannan ne ya sa in ku huɗu ne kuke firojek ɗaya, kusan kwafi biyar ake da su, naku huɗu da na GitHub. An buɗe GitHub a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma daga Janairun 2019 aka ba masu akawun na kyauta damar yin rifo na sirri, wanda shi ne ya sa ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka daina jin tsoron sa aikin kwastoma a can.

Toh amma tarihin Git ana iya sake rubuta shi. Mutum ɗaya da ke da izinin turawa yana iya yin turin dole ya share komit na wata guda daga kan saba, ko ya goge reshe, wato layin aiki da aka ware daga babban kod, ko mai rifon ya goge shi baki ɗaya. GitHub na ba da kwana 90 a dawo da wasu rifon da aka goge, bayan nan babu. A watan Mayun 2019 wasu sun samu faswod da makullan mutane suka shiga ɗaruruwan rifo a GitHub da GitLab da Bitbucket, suka share kod suka bar takardar neman fansa ta Bitcoin 0.1. Waɗanda ke da kwafi a kwamfutocinsu sun sake turawa ne kawai suka ci gaba da aiki.

Abin da Git ba ya ɗauka

Nan ne asarar ta fi yawa kuma nan ne aka fi yin sakaci. A ɗauki manhajar sakamakon jarrabawa da aka haɗa wa wata makarantar kuɗi. Kod ɗin PHP ko Laravel yana GitHub lafiya lau, amma sunayen ɗalibai da makinsu na zango tara da bayanin wanda ya biya kuɗin makaranta duk suna cikin rumbun bayanai na MySQL a kan saba, hotunan fasfo suna wata folda da aka hana Git gani, saitin saba kuma yana kan mutum ɗaya da ya haɗa shi da hannu shekara biyu baya bai rubuta komai ba. In sabar ta tafi, kod ɗin da ke GitHub zai ba ka manhaja sabuwa fil wadda babu ɗalibi ko ɗaya a cikinta. Kod ana iya sake rubuta shi ko da wahala, amma makin zangon da ya wuce in babu takarda babu inda za a samo shi.

Saboda haka rumbun bayanai na bukatar nasa tsarin: a riƙa fitar da kwafinsa da mysqldump ko pg_dump kullum dare, a matse, a kulle da faswod, a tura wani wuri da ba sabar ba. Bakof ɗin da cPanel, shafin sarrafa hostin, ke yi ya ajiye kan sabar da shafin yake, yana taimakawa in kai ka yi kuskure, amma in kamfanin hostin ya rufe akawun saboda ba a biya ba ko faifansu ya mutu, tare za su tafi.

Sai fayil ɗin .env mai ɗauke da faswod na rumbun bayanai da makullin sirri na Paystack ko Flutterwave. Shi bai kamata ya shiga Git ba sam, don akwai na'urorin da ba su da aiki sai bin rifo na fili suna tsintar irin waɗannan makullan. Kuma in ya riga ya shiga, goge shi a komit na gaba bai wadatar ba tunda yana nan cikin tarihi, abin yi shi ne a soke makullin a fitar da sabo. Amma hana shi shiga Git na nufin ba shi da kwafi ko'ina sai an yi masa da gangan, a manhajar adana faswod ko a kulle cikin fayil mai kariya. Haka makullin sa hannu na manhajar Android: wanda ke ƙarƙashin tsarin Play App Signing yana iya roƙon Google ya canza masa makullin lodi in ya ɓata, wanda kuma ke raba APK da kansa ta WhatsApp in ya rasa makullin to sabon fitarwa ba zai hau kan tsohon ba, sai kowa ya cire ya sake sawa.

Manyan fayiloli ma matsala ne. GitHub na gargaɗi in fayil ya wuce MB 50, yana ƙin karɓa in ya wuce MB 100, sai an bi ta Git LFS, tsarin da aka yi don manyan fayiloli. Bidiyo da zanen Photoshop da bayanan koyar da AI wurinsu ma'ajiyar kilawud ne.

Tarkon sa firojek cikin Drive

Dabarar da ta fi yawo tsakanin ɗalibai ita ce a ɗauki foldar firojek gaba ɗaya, da .git ɗinta, a jefa cikin foldar Drive ko OneDrive a ci gaba da aiki a ciki. A ido kamar an haɗa kariya biyu ne. Matsalar ita ce Git na rubuta ƙananan fayiloli da yawa a jere lokaci ɗaya, manhajar daidaitawa kuma tana kwasarsu ɗaya bayan ɗaya yadda ta ga dama, in netwok ya yanke a tsakiya ko aka buɗe firojek ɗin a kwamfuta ta biyu kafin ta gama, sai a samu rabin tsoho rabin sabo, rifon ya lalace ta yadda gyaransa sai gwani. Ga kuma node_modules, foldar kod ɗin wasu da firojek ke dogaro da shi, mai dubban fayiloli da ke cinye data a banza alhali umarni ɗaya ke sake sauko da ita.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce git bundle, wanda ke dunƙule rifo da tarihinsa cikin fayil ɗaya, shi ne za a sa wa kwanan wata a jefa Drive. Fayil ɗaya ko dai ya hau ko bai hau ba.

A yi wa Drive adalci, yana da ɗan kariya. Abin da aka goge yana zama kwandon shara kwana 30, kuma yana riƙe tsofaffin kwafin fayil na ɗan lokaci, Dropbox na kyauta ma kwana 30 ne. Wannan ya isa in ka lura da wuri. In kuwa sai bayan an dawo hutun zango aka gano fayil ya lalace, wa'adin ya wuce. Sannan GB 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta raba shi ake tsakanin Gmail da Drive da Photos, ga wanda bakof ɗin WhatsApp ɗinsa ma ke ciki wurin kan cika ba tare da ya sani ba, lodi ya tsaya shiru. OneDrive GB 5 ne, Dropbox GB 2.

Su ma manyan sun sha yi

Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, yana zaton yana kan saba ta biyu ashe ta farko ce, kusan GB 300 suka tafi. Da aka juya wajen bakof sai aka tarar hanyoyi biyar da suke da su babu wadda ke aiki yadda ake zato, aka tsira da wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin nan. Abin lura, rifon Git na mutane bai taɓu ba, abin da ya salwanta shi ne abubuwan da ke kewaye da kod, rahoton matsaloli da buƙatun haɗa reshe da sharhin da ke kansu, waɗanda kwafin da ke laftof ɗinka ba ya ɗauke da su.

A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin OVH a Strasbourg ta Faransa, kwastomomin da bakof ɗinsu ke cikin harabar da sabarsu take suka rasa duka biyun. Code Spaces kuwa, kamfanin da sana'arsa ita ce ajiye kod ɗin mutane, ya rufe a Yunin 2014 bayan wani ya shiga akawun ɗinsa na Amazon ya goge bayanai da bakof ɗin tare, tunda makulli ɗaya ke buɗe su. A 2024 Google Cloud ya goge akawun ɗin UniSuper, wani babban asusun fansho na Ostareliya, bisa kuskuren saiti, kuma kwafin da suke da shi wajen wani kamfani daban na cikin abin da ya cece su. Wani lokacin ma ba haɗari ba ne, shawara ce ta kasuwanci ko siyasa: Google Code ya rufe a 2016, Bitbucket ya daina karɓar Mercurial, wani tsari irin Git, a 2020, GitHub kuma ya taƙaita wa mutanen Iran da Siriya da Kirimiya akawun a 2019 saboda takunkumin Amurka.

Masu cewa kilawud da masu cewa a hannu

Ɓangare na farko hujjarsu mai ƙarfi ce. Abin da ya fi kashe aiki a nan ba gobarar Faransa ba ce, satar laftof ce a hostel ko cikin mota, da wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙona caja da abin da ke jikinta, da zafin bazara da ƙurar hunturu da ke gajarta ran had dis, da filashin da ya zaga kafe uku ya kwaso bairos, balle filashin jabu da ke nuna GB 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil yana taka na baya. Kan wannan ma'aunin sabar GitHub ta fi duk abin da ke cikin jakarka aminci nesa ba kusa ba.

Ɓangare na biyu su ma ba da ka suke magana ba. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Malumfashi da Dutsin-Ma da Jibiya, aka yi watanni a haka. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. A Oktoban 2024 yawancin Arewa, har da yankin KEDCO, ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Ga tsadar data bayan NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga biyan kuɗin ma'ajiya da dala, wanda ya yi wuya sosai tun da bankuna suka dakatar da katin naira a shafukan waje a 2022, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Wanda komai nasa ke sama, ranar da babu sabis aikinsa na nan amma hannunsa ba ya kaiwa.

In aka duba da kyau, kowane ɓangare yana magana ne kan haɗarin da ɗayan bai rufe ba, shi ya sa tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 ta fi dacewa: kwafi 3, kan abubuwa iri 2, ɗaya a wani wuri daban. A aikace, laftof, GitHub ko GitLab, da had dis na waje da ake haɗawa sau ɗaya a mako a cire a ajiye a gida in laftof na ofis ne. Cirewar na da muhimmanci, don bairos mai kulle fayiloli ya nemi fansa yana bin duk abin da ke haɗe da kwamfutar. Batun data kuma bai kai yadda ake tsoro ba, Git abin da ya canza kaɗai yake turawa, aikin yini guda na kod sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba.

Akawun ɗin shi kansa

Wannan ne ya dawo da mu kan ƙa'idojin 2023. Mutum yana da kod a GitHub, bakof a Drive, faswod a Chrome, kuma duka ukun suna rataye da Gmail ɗaya da ke rataye da layin waya ɗaya. A ƙidaya kwafi uku ne, amma waya ɗaya aka fizge a kasuwa sai a rasa hanyar shiga duka. Layin ma an ga yadda aka rufe su da yawa a 2024 kan batun haɗa NIN, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na sake sayar wa wani. GitHub ya faɗa a fili cewa ma'aikatansa ba za su iya buɗe wa wanda ya rasa duk hanyoyin tantancewarsa akawun ba. Lambobin ko-ta-kwana da yake bayarwa ranar da aka kunna tantancewa mai mataki biyu, a buga su a takarda a sa inda ake ajiye takardun makaranta, hotonsu a cikin wayar da za a iya sacewa bai da amfani.

Ɗalibai kuma su lura da imel ɗin makaranta. Ƙa'idar shekara 2 ta Google ba ta shafi akawun na makaranta ko kamfani ba, amma makarantar ce ke da iko da shi, tana iya rufewa bayan an gama. Wanda ya buɗe GitHub da shi don samun kayan ɗalibai na kyauta ya ƙara imel ɗinsa na kansa tun kafin ya fita.

Mai shago da mai makaranta

Wanda ya biya aka haɗa masa manhaja shi ya fi kowa shiga haɗari, don yawanci rifo da hostin da sunan shafin duk suna cikin akawun ɗin yaron da ya yi aikin. In ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki Abuja, ko aka samu saɓani kan cikon kuɗi, mai kasuwa ba shi da komai a hannu. GitHub na ba da damar buɗe akawun na ƙungiya kyauta, mai kasuwar ya zama shi ne mamallaki a ƙara dibelofa a matsayin ma'aikaci, kuma a rubuta a yarjejeniya wa ke yin bakof, sau nawa, a ina.

Akwai kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su, ta ce a sanar da hukumar cikin awa 72 in aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan, ta kuma sa sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. Kwafin rumbun bayanan asibiti ko makaranta da aka jefa Drive ba kulle, aka buɗe shi ga duk mai link, aka tura a guruf, ya shiga wannan layin. Shi ya sa ake kulle bakof kafin ya bar saba, da kayan aiki irin su restic ko rclone, ko aƙalla 7-Zip da faswod mai ƙarfi, faswod ɗin kuma ya kasance mutum biyu sun san inda yake.

Gwajin da ba a cika yi ba

Abin da ya kama GitLab bai wuce wannan ba, bakof na nan a rubuce amma ba wanda ke gwada dawo da shi. Gwajin ba shi da wuya: a ari wata kwamfuta da ba ta taɓa ganin firojek ɗin ba, a sauko da rifo, a ɗauko kwafin rumbun bayanai na daren jiya a loda, a nemo .env daga inda aka ɓoye shi, a kunna a gani ko ɗalibin da aka yi wa rajista jiya yana ciki. A nan ake gano fayil ɗin bakof ɗin nauyinsa sifili ne tun wata uku saboda an canza faswod ɗin MySQL ba a gyara sikirif ɗin da ke fitar da bakof ɗin ba, ko akwai wata folda da ba ta taɓa shiga ko'ina ba. Ga manhajar makaranta lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin a fara shigar da makin jarrabawa, ga ɗalibi mai firojek kuwa, makonni kafin ranar difens.